Likkafanin Inna a Ƙasar Fir'auna

Tun da muka dawo daga Masar ban huta ba. A ɗakin malamai na makarantarmu da ke Nukkai, a gidan biki, har a wajen mai nama a kasuwa, tambayar ɗaya ce: Malama Hajara, yaya ƙasar Fir'auna? Wasu so suke su ji ko dalar nan ta kai yadda ake nuna ta a talabijin. Wasu kuma, na san su sarai, tsarabarsu suke bi ta bayan gida. Na maimaita labarin har bakina ya fara ƙara masa gishiri ba da izinina ba, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Da farko dai ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Mahaifiyarmu, Inna, aka gano tana da ƙari a ciki, likitoci suka ce a cire shi da wuri. Yayana Sani yana da shagon magani a bakin kasuwar Jalingo, kuma saboda haka yana ganin kansa rabin likita. Shi ya yi ta bincike a waya har ya samo asibiti a Alkahira. Ni ce 'ya mace tilo a gidan, don haka ba a ma nemi shawarata ba, aka ce in nemi hutu a makaranta.

Inna ba ta ƙi tafiya ba, wuƙa ta ƙi. Ta ce za ta je su duba ta, su ba ta ƙwayoyi, ta dawo ɗakinta a Barade, amma ba za ta kwanta a yanka ta a garin da ba wanda ya san sunan ubanta ba. Ba mutuwar take tsoro ba, ta sha faɗa mana. Damuwarta ita ce in ta cika a can, wa zai yi mata wanka, wa zai rufe ta. A unguwarmu Dada Jummai ce mai wanke mata in sun rasu, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, kuma sun daɗe da yi wa juna alkawari a kan wannan. Ni kuwa, 'yar da ta haifa, duk Barade an san ni da tsoron gawa. In aka yi rasuwa sai an dawo daga binnewa nake leƙawa gaisuwa, kuma in mai keke ya nufi hanyar maƙabarta nakan roƙe shi ya zagaya da ni. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba. Ta dai cire ni daga lissafi, ni ma na san ta cire ni.

Ranar da za mu tashi gidanmu ya cika kamar ana suna. Maƙwabciyarmu Mama Rifkatu ta shigo da doya ɗaya, irin ta Mumuye, mai girman cinyar ƙato, ta dire ta a kan akwatinmu. Yaya Sani ya fara yi mata bayanin dokar jirgi da nauyin kaya, ta kalle shi sama da ƙasa.

"Kai ka yi shiru," ta ce da irin Hausarta. "Mama zai tashi a asibiti, zai nemi abinci na gida. Balarabe yana da doya ne?"

Doya ta shiga akwati, takalmin Yaya Sani guda ya fita. Dada Jummai kuwa ba ta kawo komai ba. Ta ja Inna ɗaki suka daɗe, da suka fito Inna tana rungume da wata baƙar jakar hannu mai ƙaton ciki. Daga ranar ba ta ƙara bari kowa ya ɗaukar mata ita ba.

Ta Kano muka bi, wato sai da muka sha hanyar Numan da ta Gombe a tsakiyar damina. Wanda ya san hanyar nan ba ya bukatar bayani, ramukanta wasu sun girme ni. Direbanmu yana kauce wa ƙananan yana faɗawa manyan, Inna tana riƙe da ciki tana salati. Da muka tsaya cin abinci ta ce wa Yaya Sani ya mayar da kuɗin asibitin aljihu, in muka ƙara awa ɗaya a haka ƙarin zai faɗo da kansa. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, Mai Magani take ce masa, kuma tana da yadda take jan sunan in tana so ta rage masa tsawo.

A jirgi ba abin da ya ba ta tsoro. Ta leƙa taga sau ɗaya, ta ce gajimare ne kawai, ta rufe. Abin da ya ɓata mata rai shi ne abincin, da aka kawo a 'yan ƙananan robobi kamar na wasan yara. Ta tambaye ni ko ɗanɗano ne kafin a kawo na gaske.

A filin jirgin Alkahira jami'in kwastan ya sa aka buɗe akwatinmu. Warin daddawa ne ya fara gaishe shi, ya ja da baya. Sai ya ɗago doyar Mama Rifkatu da hannu biyu, ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kira abokan aikinsa su taru su yi mamaki. Yaya Sani ya gyara murya ya saki Larabcinsa na Islamiyya. Larabci ne mai kyau, na littafi, amma su a kunnensu kamar mutum ya zo sayen burodi ya ɓuge da huɗubar Juma'a. Suna ta murmushi, doya dai tana hannunsu. Daga nan jami'in ya nuna baƙar jakar Inna. Ta zuge zif ɗin da kanta. Farin alawayyo ne sabo, a ninke, da ƙullin turare da sabulu a gefe. A nan ni da Yaya Sani muka fara sanin cewa likkafaninta ta ɗauko. Jami'in ma ya gane shi. Murmushin ya ɓace, ya rufe jakar a hankali, ya mayar da doya cikin akwati, ya yi mana nuni mu wuce. Har yau Inna cewa take likkafaninta ne ya yi wa doya biza.

Masaukinmu wani ɗaki ne a can saman dogon bene. Lif ɗin gidan keji ne na ƙarfe mai ƙofar ja, yana hawa yana nishi, ina ganin shi ma yana cikin kayan tarihin garin. Mutanen Alkahira ba sa saukowa sayen burodi, kwando suke zurowa da igiya daga baranda, mai shago ya sa, su ja. Inna ta yi kwana biyu tana kallon wannan, ta yanke hukunci cewa matan garin sun fi mu wayo amma ba su san maƙwabtansu ba. Titi kuwa ba a tsallaka shi da dabara, da tawakkali ake tsallakawa. Hon ɗin mota a can kamar gaisuwa ne, mai tafiya yana yi, na tsaye ma yana yi.

Likitan ya duba Inna, ya faɗi abin da na gida suka faɗa. Aiki za a yi, kuma kada a ja lokaci. Ya ce yana da gurbi farkon mako, in ta amince ta sa hannu, in ba ta amince ba zai ba wani. Inna ta yi masa godiya sosai, ta yaba tsabtar asibitinsa, muna fita ta ce wa Yaya Sani ya nemo mana jirgin komawa. Na yi kuka, shi ya yi wa'azi, ta saurare mu duka biyun kamar ana ba ta labarin wasu mutane.

A nan ne Yaya Sani ya fito da dabararsa. Ya ja ni baranda ya ce tsoro ne kawai ya cika mata zuciya, abin da take bukata shi ne shan iska. Gobe za mu ɗauki mota mu zaga da ita wuraren tarihi, ta ga mutanen nan tun zamanin annabawa suke aiki da hannu kuma aikin bai lalace ba, hankalinta zai kwanta. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: duk ranar kada wanda ya ambaci asibiti, kada wanda ya ambaci mutuwa. Na ce to. Ni ban san Alkahira ba, shi kuma ashe hotuna ya kalla, bai karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu ba.

Direban da ya samo mana sunansa Ammu Ragab, wani dattijo mai tumbi da gashin baki, hannunsa ɗaya a sitiyari ɗaya a kan hon. Hagga yake ce wa Inna, haka suke faɗin Hajiya. Ba ya jin Hausa, ba ta jin Larabcinsa, amma kafin mu fita unguwar sun gama hira a kan ciwon gwiwa.

Dalar Giza muka fara zuwa. Zan faɗi gaskiya, duk iya shegena sai da na jinjina. Abu ne da in ka tsaya a gindinsa sai ɗankwalinka ya nemi zamewa kafin idonka ya kai ƙarshensa, kuma kowane dutse a jikinsa ya kai ƙirjina. Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta ce duwatsun Kona na wajen garinmu sun fi shi kyau, kuma su Allah ya ba mu kyauta ba wanda ya karye a kansu, amma dai an yi aiki. Sai ta tambayi abin da ake ajiyewa a ciki, ko rumbun hatsi ne na zamanin yunwar Annabi Yusufu. Yaya Sani ya yi caraf ya ce tarihi ne kawai ake ajiyewa. Ammu Ragab ya ga ana nuna dala ana tambaya, ya matso don ya taimaka. Ya kwantar da kansa a kan tafin hannu, ya rufe ido, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Kabari ne ke nan," in ji Inna. "Na mutum nawa?"

Aka ce mata na mutum ɗaya. Ta tambaya ko yana ciki har yanzu, aka ce a'a, ɓarayi sun riga kowa tun da daɗewa. Ta gyaɗa kai ta ce to, shi da garin ubansa ke nan ma, da ginin da ya kai sama. Ta gyara riƙon jakarta.

Don ya kawar da zancen, Yaya Sani ya ce zai hau raƙumi a ɗauke shi hoto. Mutumin da ko babur ba ya hawa sai ya yi addu'ar tafiya. Ba wanda ya gaya masa raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Dabbar tana yunƙurawa yayana ya tafi gaba ya rungume wuyanta, hularsa ta yi nata wuri, babbar riga ta rufe masa kai, daga cikin rigar muka ji magidanci mai 'ya'ya huɗu yana kiran Inna. Mai raƙumin kuma ya ja su can nesa, ya nuna cewa kuɗin hawa daban, kuɗin sauka daban. Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar da ban ji ta yi ba tun kafin azumi. Na ce a raina ko banza raƙumin ya biya.

Muka gangara wajen gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum. Inna ta ce kyanwa ce, ta tambayi wanda ya fasa mata hanci. Ta tambayi aikinta, Ammu Ragab ya sake nuna dala ya sake rufe ido. Wato gadin kaburbura take yi.

Da rana ya kai mu cin abinci. Aka kawo wani abu wai shi koshari: shinkafa, taliya, wani ƙaramin wake, soyayyar albasa, duk a kwano ɗaya an zuba tumatir a kai. Inna ta tona shi da cokali ta ce wannan ragowar tukwanen gida ne aka haɗa don kada a zubar, ita ma tana yi amma ba ta ba baƙo. Sai ga wata koriyar miya mai yauƙi, suna ta yi mana bayaninta da alfahari kamar su suka ƙirƙiro ta. Inna ta ɗanɗana ta ajiye cokali. Lalo ne, ta ce, lalon da yake fitowa a bayan ɗakinta ba wanda ya shuka shi. Ta zaro ƙullin yaji daga ɗankwali ta gyara musu miyarsu, ta shanye tas. Ammu Ragab ya roƙi ɗanɗanon yajin. Ya yi ta hawaye yana shan ruwa yana sa mata albarka.

Bayan azahar Yaya Sani ya ce yanzu kam masallaci za mu, a nan ba abin da zai faru. Wani tsohon masallaci ne a kan tudu cikin ganuwa, mai ƙubbobi da fitilu rataye kamar taurari. Ya yi kyau ƙwarai, Inna ta yi nafila a zaune, fuskarta ta saki. Muna juyowa za mu fita ta hango wani keɓaɓɓen wuri a kusurwa an kewaye shi da ƙarfe mai ruwan zinariya. Yaya Sani ya ce ma'ajiyar littattafai ce. Ta leƙa da kanta. Sarkin da ya gina masallacin ne kwance a ciki.

Muna saukowa daga tudun Ammu Ragab ya rage gudu, ya nuna mana wata unguwa a gefen titi yana buga ƙirji, wai a nan aka haife shi. Unguwa ce sosai, ga shanya, ga farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, ga mai shayi. Sai da na ƙura ido na ga abin da yara suke buga ƙwallo a tsakaninsa. Maƙabarta ce, gari guda, rayayyu suna zaune a ɗakunan da aka gina wa matattu, wata mata har ta ɗora tukunya a gefen wani kabari. Na runtse ido na dunƙule a kujera. Inna kuwa ta sa aka sauke mata gilashi. Ta ce aƙalla waɗannan sun yi dace, suna da maƙwabta masu share musu ƙofa. Sannan ta juya ta ce, "Mai Magani, shan iskar nan taka, akwai inda za mu je da mai gidan yake da rai?"

Yaya Sani ya rantse mata cewa wuri na ƙarshe gidan tarihi ne na zamani, mai sanyin na'ura, ba komai a ciki sai tukwane da sarƙoƙi da kayan saƙa. Kuma da gaskiyarsa, a sama haka yake. Inna ta ji daɗin wurin, ta ga dutsen niƙa irin na kakarta, ta ga matajin kai, ta ga takalmin kaba, ta ce ashe Fir'auna ma talaka ne a wasu wuraren. Sai ta ga mutane suna bin wata hanya mai gangarawa ƙasa. Yaya Sani ya karanta allon ya ce zauren sarakuna ne. Ta ce tunda ta zo garin mutane ai sai ta gaida masu gari.

Hanyar tana gangarawa haske yana raguwa, bango baƙi, sanyi yana ƙaruwa, kowa ya yi ƙasa da murya. Jikina ya gaya mini tun kafin idona ya gani. Akwatunan gilashi ne a jere, kowanne da mutum a ciki. Ba gunki ba, mutum, busasshe kamar kilishi, an lulluɓe gangar jikin an bar fuska da ƙafafu a waje. Ga haƙora, ga farce, wani har da gashin ido. Na so in juya, amma hanyar ɗaya ce, gaba ake bi a fita, ga mutane a bayana. Na kama gefen mayafin Inna kamar 'yar yaye, ina kallon ƙasa.

Inna ba ta yi wasa a nan ba. Tana bin akwatunan a hankali tana cewa sannunku, sannunku, kamar ta shiga ɗakin marasa lafiya. Ta tambayi Yaya Sani da raɗa ko mutanen nan ba su da dangi ne. Ya ce sun shekara dubbai, Inna. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba.

Sai muka iso kan wata mace. Sarauniya ce, in ji allon, amma ni abin da na gani 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai Inna jiki ba, kuma da kitso a kanta. Kitso sosai, ƙanana, irin wanda ake zama a yi wa mutum yini guda ana hira. Wasu maza baƙi masu gajeren wando sun sunkuya a kan gilashin suna leƙen bakinta, ɗaya yana nuna wa ɗaya haƙoranta.

"Wata ce ta zauna ta yi mata kitson nan," Inna ta ce, ba da kowa take ba. "Kanta a buɗe, maza a kanta."

Na ji ƙarar zif. Kafin in gane me ake ciki ta zaro babban ƙyallen likkafaninta ta warware shi. So take ta rufe akwatin. Amma ƙyallen ya fi ƙarfinta, ga ciwo ya cinye ta, ta wurga shi ya zame, gefe ɗaya ya zube a ƙasa. Ta sake gwadawa, ya sake zamewa. Yaya Sani yana ta raɗa mata cewa za a kama mu. Ta ɗaga kai tana neman wanda zai kama mata. Ta dubi matan Turawa, ta dubi wata Balarabiya a can gefe. Ni da nake manne da mayafinta ba ta dube ni ba, ko a ranta ban zo ba. Wannan ya yi mini zafi fiye da duk gorin da ba ta taɓa yi mini ba.

Na saki mayafin. Na zagaya ta ɗaya gefen akwatin, na sunkuya na ɗauki bakin ƙyallen daga ƙasa. Fuskar matar tana dab da tawa, gilashi kawai ya raba mu, na ga har layin tsagar kitsonta. Na riƙe ƙyallen gam. Muka ɗaga tare, muka shimfiɗa, Inna ta ja nata gefen na ja nawa har ya daidaita, ta sa tafin hannu ta lallashe inda ya tattare. Wani tsoho cikin baƙin ya cire hularsa.

Ba a daɗe ba masu gadi suka iso da sauri. Larabcin Yaya Sani ya gudu ya bar shi, ba abin da yake fita daga bakinsa sai haƙuri da Hausa. Wata ma'aikaciya mai lulluɓi ta dakatar da su, ta dubi ƙyallen, ta dubi Inna, ta gane ko mene ne. Ta yi mana bayani da hannu da 'yan kalmomi cewa doka ta hana a taɓa gilashin. Ita da kanta ta yaye shi, amma ba ta yi gaggawa ba, ta ninke shi yadda ya kamata, ta miƙa wa Inna da hannu biyu, ta sumbaci goshinta. Sannan aka raka mu waje cikin mutunci, irin rakiyar da ake yi wa wanda ba a so ya dawo.

A waje akwai benci a bakin wani tafki, muka zauna. Yaya Sani ya tafi neman Ammu Ragab yana share gumi, yana cewa da ƙyar muka tsira daga jaridun duniya. Ya rage daga ni sai Inna.

"Kin ga fuskarta?" ta ce.

"Na gani, Inna."

"Hannunki ya yi rawa."

"Ya yi."

"Ya yi, amma ba ki saki ba."

Ta ɗauki baƙar jakar daga cinyarta ta ɗora a tawa. Ta fi yadda nake zato nauyi. Ta ce da ruwa mai ɗumi ake yi, ba mai zafi ba, kuma daga dama ake farawa. Ta ce ba a barin jiki a buɗe ko na ɗan lokaci, ana wankewa ne ta ƙarƙashin zane. Ta ce in warware mata kitso in wanke, in kama shi gida uku, kada in bar Larabawa su yi mata irin nasu. Ina kuka tana ci gaba da bayani kamar tana koya mini miyar taushe, tana sa ni ina maimaitawa. Da Yaya Sani ya dawo ya same mu haka ya tsorata, ya fara ba da haƙuri a kan yawon, wai laifinsa ne.

"Mai Magani," ta ce, "bar surutu. Kira mai wuƙar nan ka ce masa ina zuwa."

Aka yi aikin farkon mako. Na zauna a ƙofar ɗakin tiyata da jakar a cinyata, ina bitar abin da ta koya mini ina roƙon Allah kada ya sa in yi amfani da shi. Allah ya ji. Ranar da likita ya ce ta fara cin abinci mai nauyi ta ture na asibiti, ta ce a dafa mata doyar Mama Rifkatu. Na dafa ta a masauki na kai mata a kula, har ma'aikatan jinya suka ɗanɗana.

To, masu tambaya, ga Masar ɗin da na gani. Yaya Sani yana nan yana gaya wa mutane a shago cewa dabararsa ce ta yi aiki, hoton raƙumi dai ya hana a nuna. Inna ta warke, tana zaune a ƙofar ɗakinta a Barade tana ba mata labarin ƙasar da ake biyan kuɗi a kalli gawa. Jakar ba ta koma ɗakinta ba, tana cikin durowata.

Watan jiya wata tsohuwa ta rasu a layinmu. Dada Jummai ta aiko neman wadda za ta zuba mata ruwa, na sa hijabi na tafi tun kafin a sake aikowa. Da yamma ta biyo gidanmu, Inna ta yi mata jabbama, wato maraba da Fulatanci, ta ba ta tabarma, ta tambaye ta yadda na yi, ina tsaye a wurin kamar ba ni ake nufi ba. Dada Jummai ta ce ina zuba ruwa da yawa kuma ina karatu da ƙarfi kamar mai korar ɓarawo, amma zan iya.

"To, ki ci gaba da koya mata a hankali," in ji Inna. "Ni ba sauri nake ba."